Dariya ma aiki ce: abin da ke gudana a bayan fagen wasan kwaikwayo na telebijin

(Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin makaranta, wanda ya daɗe cikin wasan kwaikwayo na samariya, ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata a garin Tama, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa. Mun buga shi yadda ya faɗe shi.)





Da aka nemi in zo in yi magana, wani aminina ya tambaye ni a kan me zan yi ta. Na ce a kan ƴan wasan kwaikwayo na telebijin. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Malam, ana zancen tsadar hatsi da kuɗin taki da farashin albasa, kai kuma za ka tara dattawa ka yi musu zancen ƴan wasa?" Na ce masa, "Alhaji, dariyar nan da ka yi ita ce kan maganata." Domin kuwa babu gidan da ba a kallon waɗannan mutane, babu majalisar da ba a maimaita maganganunsu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda suke aikin, da wanda ke biyansu, da kuma inda suke ƙarewa idan ƙarfi ya ƙare. Abin da na zo in faɗa guda ɗaya ne: dariyar da suke ba mu aiki ce kamar noma da saye da sayarwa, kuma duk wanda ya riƙe lalitar wannan aiki, to shi ne ya riƙe bakin masu yin sa.

Inda aka faro

Ba telebijin ce ta koya wa Bahaushe faɗin gaskiya cikin raha ba. Tun kafin akwatin ya zo muna da tashe cikin watan azumi, muna da wasan kara inda samari kan yi shigar masu mulki su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, muna kuma da wasan taubasai, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. A duk waɗannan wasanni ƙa'ida ɗaya ce: an yarje wa mai wasa ya faɗi abin da ba a faɗa a fada, wanda aka yi domin shi kuma ya yi dariya tare da jama'a, in ya so ya gyara halinsa a ɓoye.

Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, an farfaɗo da samariya, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a 1976, kowane karo a wata jiha. Kowace gunduma takan tsara wasanta, a yi gasa, wanda ya fi ya wakilci jiha. Da Tele Sahel ta kama aiki sosai a 1979, aka rarraba akwatuna na jama'a a garuruwa da yawa, waɗansu masu aiki da hasken rana, sai wasan ya tashi daga dandali ya shiga akwati. A nan ne ƙasa duka ta san Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi, da ƙungiyarsa ta Damagaram. Har wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta zauna da irin waɗannan ƙungiyoyi ta rubuta littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, aka buga shi a 1987.

A ɗaya gefen iyaka kuma, waɗanda suka yi fatauci ko ci-rani a Najeriya sun san Samanja Mazan Fama na Kaduna, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya mai da Hausar bariki abin dariya. Sun san Ƙasimu Yero, sun san Karkuzu na Jos. Waɗannan su ne kakannin shirye-shiryen barkwanci masu dogon zango da ƴaƴanmu ke kallo yau cikin wayar hannu.

Yadda muka yi a zamaninmu

Ni ba tauraro ba ne. Ƙaramin ɗan wasa ne na samariya, wanda ake ba shi matsayin maga-takarda ko ɗan aiken kwamanda. Amma na ga yadda ake dafa tuwon, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu da rubutaccen wasa. Bayan an tashi daga aiki, an yi sallar isha'i, sai mu haɗu a ajin makaranta da fitilar ƙwai. Shugaban ƙungiya ya kawo jigo: yau a kan ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi har ya yi tsada, gobe a kan ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an ba shi na goro, jibi a kan auren dole. Sai a raba matsayi, a tsara fitowa ta farko da ta biyu har zuwa ƙarshe, amma maganar da kowa zai yi daga bakinsa za ta fito. In ka faɗi kalma ta ba da dariya, a ce riƙe ta. In ta faɗi ƙasa, a ce jefar. Haka za a yi ta bita dare bayan dare, har wasan ya zauna a kan kowa ba tare da an rubuta layi ko ɗaya ba.

Kayan wasa duk na aro ne. Babbar rigar da “Alhaji” zai sa ta wani Alhajin gaske ce a kasuwa, sau da yawa ma shi ne wanda ake kwaikwayo, bai sani ba sai ranar kallo. Teburin “biro” na daraktan makaranta ne. Mata kuwa, kafin a samu guda ɗaya da za ta fito sai an yi jele gidan iyayenta ko na mijinta, domin wadda ta fito a matsayin kishiya mai makirci, gobe a bakin rijiya da sunan za a kira ta. Mu maza ma ba mu tsira ba. Akwai abokinmu da ya fito a matsayin ɓarawon akuya, ya yi wata guda yara na bin sa da kuka irin na akuya har ƙofar ajinsa.

Ba a biyanmu. Mafi yawanmu malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da masu sana'ar hannu, albashi ko sana'a ke riƙe da gidajenmu. Wannan ya sa muka ɗauka wasa kyauta ne, jama'a ma suka ɗauka haka. To da shekarun 1990 suka zo, albashi ya riƙa yin watanni bai fito ba, aka kuma karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, sai ƙungiyoyi da yawa suka watse ba tare da kowa ya hana su ba. Mai neman abin da za a dafa da dare ba ya zuwa bita.

Kwana ɗaya a wurin ɗauka

A Kano abin ya ɗauki wata hanya. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 wasa ya zama kasuwa, aka shiga kaset, aka koma faifai, daga baya tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta shiga nuna shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in, da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda aka fara nunawa a 2019, labarin attajiri mai tarin ƴaƴa da kowannensu ke hangen dukiyarsa. Na so in ga yadda masu sana'ar ke yi, sai wani tsohon ɗalibina da ke riƙe fitila a wurin ɗauka ya kai ni na zauna da su mako guda. Ba ɗaya daga cikin shirye-shiryen da na ambata ba ne, wani ƙaramin shirin barkwanci ne, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Gani ya kori ji.

An ce kowa ya hallara da ƙarfe bakwai na safe. Gidan na aro ne, masu shi sun tattare a ɗaki guda sun bar mana tsakar gida. Masu fitila suka ja waya, mai sauti ya ɗaura makirufo a kan dogon sanda, mai kwalliya ta jera kayanta a kan tabarma. Aka zauna jiran babban ɗan wasa, wanda ke wani wurin ɗauka a wata unguwa, domin aiki ɗaya ba ya ciyar da shi. Bai iso ba sai sha ɗaya. Da aka tayar da janareta sai ƙararsa ta shiga sauti, aka ja shi bayan katanga. Da aka fara sai injin niƙan maƙwabta ya tashi, aka aika a roƙi mai shi, ya ce sai an biya shi kuɗin niƙan da zai rasa. Aka biya. Da aka sake farawa sai zakara ya yi cara.

Fitowar da ake ɗauka ba ta fi minti biyu ba: maigida ya shigo ya tarar an cinye naman da ya ɓoye. Kyamara ɗaya ce, don haka sai an ɗauka daga nesa, a sake daga gefen miji, a sake daga gefen mata, a sake kusa da fuskar kowa. Na ƙirga sau tara ana maimaita magana ɗaya. A karo na farko duk muka yi dariya har aka tsawata mana. A karo na tara babu wanda ya murmusa, amma dole ɗan wasan ya zaro ido ya riƙe baki kamar yanzu ya fara ganin kwanon. Akwai wata yarinya da littafi a hannu, aikinta kawai ta lura: hula ta karkata dama ko hagu, shayi ya kai rabin kofi ko ya cika, carbi yana hannun dama ko na hagu. In ta yi kuskure, mai kallo a Madawa zai ga hular ta yi tsalle daga wannan kunne zuwa wancan, ya ce ba su iya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Da la'asar aka kira wata ƴar wasa a waya aka ce ɗanta ba shi da lafiya, an kai shi asibiti. Saura fitowa biyu a gama da gidan, gobe kuma masu gida za su karɓi abinsu. Ta share hawaye, mai kwalliya ta gyara mata fuska, ta shiga ta yi rigimar kishi har mai kyamara ya kasa riƙe dariya. Ana cewa an gama ta ɗauki mayafinta ta fita da gudu. Ranar da aka nuna wannan kashi babu mai kallon da ya san abin da ke zuciyarta.

Da dare, bayan an ci shinkafa da wake a tire ɗaya, aka zo sallama. Babu takarda, babu sa hannu. Manya aka shiga da su ɗaki. Ƙanana aka ba waɗansu kuɗin mota, waɗansu aka ce sai mai shiri ya karɓi kuɗinsa. Ɗalibina ya ce mini akwai aikin bara da har yanzu yake bi. Daga nan hoton zai tafi wurin mai tacewa, wanda zai kwana gaban kwamfuta yana yanka yana haɗawa, aikin mako guda ya koma rabin awa.

Kura da shan bugu

Ku ƴan kasuwa kun san wanda ya yi noman albasa a fadamun Majiya ko na Galmi ba lalle ne shi ke cin ribarta a Abijan ba. Haka wannan sana'a take: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana biyan ɗan wasa sau ɗaya, in an biya shi ke nan, amma shirin a yi ta maimaita shi shekara da shekaru, a sa talla a gabansa da bayansa, a ɗora shi a YouTube, shi kuwa ko dala ba ta sake zuwa hannunsa.

Ku dubi ƙarshen manyan. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya rasu a Kaduna a Nuwamban 2023 bayan doguwar jinya. Karkuzu, wanda ya rasu a 2025, tsufa ya same shi cikin rashin gani da rashin muhalli, har sai da ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka wa mai taimako, amma mutumin da ya yi shekaru yana faranta ran miliyoyin jama'a bai kamata makwancinsa ya dogara ga tausayin mutum ɗaya ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ja-in-ja ba. A Amurka, da aka fara shirin barkwancin nan I Love Lucy a 1951, masu shi, Lucille Ball da mijinta Desi Arnaz, sun yarda a rage musu lada bisa sharaɗin hotunan su zama mallakarsu, kuma maimaita nuna shirin ne ya azurta su. A 2023 marubutan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, ƴan wasa suka yi na kwana 118, kuma cikin manyan buƙatunsu akwai rabon da ya kamata su samu idan ana ci gaba da nuna aikinsu. A nan gida muna da dokar haƙƙin mawallafa, muna da hukumar BNDA da aka kafa domin karɓo wa masu fasaha haƙƙinsu. Amma doka ba ta iya kare yarjejeniyar da ba a rubuta ba.

Ladan kuturu

Yanzu na zo kan abin da ya shafi siyasa, tunda kun san ba a raba dariya da mulki. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A zamanin samariya gwamnati ce ke da dandali, ita ke da kyamara, ita ke ba da kyauta. Mun yi wa ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci dariya, mun yi wa ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, mun yi wa boka, amma kowa ya san tsayin da tsani ke tsayawa. Babu wanda ya rubuta mana iyakar, mu muka san ta. Bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe, jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fito, amma kuɗin wasa ya koma hannun ƙungiyoyin agaji da masu talla. Sai ka ga wasa ya fara da daɗi, can tsakiya maigida ya tsaya ya karanto darasin da mai ba da kuɗi ya rubuto, dariya ta mutu. Darasin yana iya zama mai amfani, amma jama'a suna gane muryar da ba ta mai wasa ba ce.

A Kano kuma akwai hukumar tace fina-finai tun 2001. A 2008 an ɗaure Rabilu Musa Ibro, sarkin barkwancin zamaninsa, a kan wani fim. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, tana cewa ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Ban ce kada a yi tsari ba, kowace al'umma tana da abin da take karewa. Abin da nake cewa shi ne, ɗan wasan da ke tsakanin mai almakashi da mai lalita, cikinsa kuma babu komai, ba zai faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin tuwon darensa ba. Kuma ranar da masu wasa suka daina taɓa mu, ba gyaruwa muka yi ba, madubin ne aka juya ya kalli bango.

Abin da nake roƙo

Yau yaran Tama da Buza da Keita suna ɗaukar gajerun wasanni da wayar hannu, ƴan'uwanmu ƴan ci-rani suna kallo a Abijan da Legas da Libiya, suna jin Adaranci suna tuna gida. Labari kuwa ba mu rasa shi ba. Tashar lodin albasa kaɗai, da dillali da direba da mai awo da ɗan ci-ranin da ya dawo da akwati babu komai ciki, ta isa shiri na shekara guda. Roƙona uku ne.

Na farko gare ku alhazai. Ku ɗauki nauyin shirin yaran nan kamar yadda kuke ɗaukar nauyin kokawa da ƙwallo, a faɗi sunan shagonku a farko da ƙarshe, wannan halal ne. Amma kada mutum ɗaya ya riƙe shi. Ku haɗu ku goma ko ashirin, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa cikin asusu guda, domin kada ranar da aka taɓa mai tauye mudu a ce a rufe shiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannu ɗaya bai kamata ya iya sauke ta ba.

Na biyu gare ku ma'aikata. Ku da kuka iya takarda, ku taimaka musu su rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: wane ne ya yi me, nawa za a ba shi, yaushe, kuma mene ne rabonsa idan shirin ya ci gaba da kawo kuɗi. A sa mai fitila da mai kwalliya da mai dafa abinci cikin lissafi. Ku ba su aron aji ko farfajiyar ma'aikata ranar hutu. Idan kuma kuka ga wani a wasa ya yi kama da ku, ya zo ofis ƙarfe goma ya tashi sha biyu, ku yi dariya tare da jama'a, kada ku aika a kira yaron. Mu ma an yi da mu, ba mu mutu ba.

Na uku gare mu duka, iyaye. Yarinyar da ta fito a wasa aiki ta je, ba yawo ba. A san inda take, a san lokacin tashinta, a sa babbar mace cikin ƙungiya, a kuma daina kiranta da sunan matsayin da ta fito. Sannan a nemi tsofaffin ƴan wasan samariya da suka rage a garuruwanmu, a zauna da su a ɗauki muryarsu, domin wasanninmu ba a rubuce suke ba, duk wanda ya tafi da nasa yake tafiya.

Aminina da ya yi mini dariya yana nan zaune a sahu na biyu, ina ganin sa. Alhaji, rigar da ka ara mana shekarun baya, yau zan faɗa maka gaban shaidu: kai muka kwaikwaya da ita. Tunda ka yi dariya a ranar, ka sake yi yau, to asusun nan da kai za a buɗe shi.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a kasuwa da aiki, ya jiƙan waɗanda suka ba mu dariya suka riga mu gidan gaskiya.